Nauyin Jet

Shekara goma sha ɗaya Alhaji Wada Maishanu yana gaya wa mutanen Zongon Kutunu cewa ɗansa Mansur awon jirgin sama yake yi a Turai. Ba ƙarya ya shirya ba. Mansur ne ya taɓa ce masa a waya, "Baba, nauyin jet nake lissafawa," shi kuwa Alhaji jet ɗaya ya sani, wanda ke ratsa saman Kutunu yana girgiza kwanon ɗaki. Abin ya yi masa daɗi, don shi ma aikinsa ke nan: ya dubi sa tun daga nesa ya faɗi nauyinsa, mahauci ya ɗora a sikeli ya tarar da haka.

Sau nawa Mansur ya ce, "Baba, ba jirgi ba ne fa, bari in yi maka bayani." Alhaji kuwa mutum ne da ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana, har liman sai ya ƙarasa masa huɗuba a zuci. "Na gane, na gane," zai ce, ya shiga zancen tsadar dusa.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Mansur, aka binne shi can. Babu kabarin da Alhaji zai ziyarta. Tun daga nan, in jirgi ya wuce, ko alwala yake sai ya tsaya da buta a hannu, ya ji muryar nan a cikin rugugin tana cewa bari in yi maka bayani. Abin da ke cin ransa ke nan: ya haifi yaro, ya yi alfahari da shi kasuwa-kasuwa, bai san abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai ba, kuma shi ya hana kansa sani.

Wata Laraba bayan la'asar wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gida, dogo, da jakar fata a kafaɗa. Ya ce sunansa Chaïbou, mutumin Maraɗi, ofis ɗaya suke da Mansur a Turai. Aka shimfiɗa tabarma, suka yi wa mamaci addu'a.

"Ɗana," in ji Alhaji, "jiragen nan da yake aunawa, wa ya karɓi aikin?"

Chaïbou ya ce, "Baba, babu jirgi a ciki."

Alhaji ya buɗe baki zai ce na gane, sai ya fasa, ya gyara zama.

Chaïbou ya ce akwai wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa da ke gwara ƙananan ƙwayoyi biyu, waɗanda ido ba ya gani, da gudun da ba a misaltawa. In sun gwaru sai tarkacensu ya fesa gefe guda kamar ruwan famfon da ya fashe. Feshin nan shi ake kira jet. Mansur ya zauna da biro da takarda ya faɗi yadda nauyin feshin zai rabu, nawa za su zo marasa nauyi, nawa masu nauyi, tun kafin a auna.

Chaïbou ya zaro takarda ya shimfiɗa. Wani jan layi ne ya tashi ya yi tozo, ya gangaro a hankali. Baƙaƙen ɗigo sun jeru a kansa.

"Jan layin na Mansur ne. Ɗigon kuwa abin da na'ura ta auna."

Alhaji ya bi layin da yatsa. Wannan kam ya san shi, ai faɗi ne kafin sikeli. Ɗigo bayan ɗigo, duk sun zauna inda yaron ya ce za su zauna.

"Ya ga wannan?"

"Bai gani ba, Baba. Wata takwas bayan rasuwarsa aka gama awon."

Iskar teku ta ɗaga gefen takardar, Alhaji ya danne ta da tafin hannu. Baƙin ciki ya taso masa irin wanda bai ji ba ko ranar da aka bugo waya.

Chaïbou ya sake sa hannu a jaka ya fito da ƙaramin littafi mai shuɗin bango. Ya ce a durowar Mansur aka same shi, duk abokan aikinsu babu wanda ya iya karantawa, shi ma nan da ƙyar yake haɗa baƙin. Alhaji ya buɗe. Ajami ne, da Hausa, ga harafin wawu mai doguwar jela irin wanda shi da kansa ya koya masa a allo. Mansur ya san ubansa ba ya karanta boko. Shafi ashirin da wani abu, an soke an sake, an soke an sake.

Alhaji ya gyara tabarau, ya kawo littafin kusa da fuska, ya fara karantawa a fili: "Baba, ka ɗauka garke biyu ne suka yi karo a kan gada, shanu suka watse, aka ce ka faɗi nauyin waɗanda suka yi gabas ba tare da ka gan su ba."

Ya dakata, ya share ido da bakin rawani. Chaïbou ya zaci shi zai yi wa magana, amma ba shi Alhaji yake kallo ba.

"Ina jin ka, Mansur," ya ce. "Ci gaba."

Ya juya shafi.