Guntuwar Bindigar Aulis

Tun bara Aulis Moilanen yake fushi da bindigar ubansa, kuma fushi da ƙarfe ba ya hucewa da wuri, don ƙarfe ba ya ba da haƙuri. Doguwa ce, irin ta sojojin zamanin da, in ya kafa gindinta a ƙasa bakinta na taɓa masa ƙirji. Shekara arba'in da ɗoriya yana farautar hirbi, wani ƙaton naman daji mai ƙaho, da ita a dazuzzukan Kainuu, can ƙasar sanyi, bai taɓa ganin aibunta ba, sai ranar da ta kusa sa ya rasa karensa.

Aikin Aulis a ƙungiyar mafarautan ƙauyen shi ne bin kare. Sauran mutane a bakin fili suke tsayawa, kowa inda aka ajiye shi, suna jiran nama ya ɓullo. Shi kuwa da sassafe zai saki karensa Remu, Remu ya bi sawu har ya tarar da hirbi, ya tsare shi da haushi yana zagaya shi, sai Aulis ya lallaɓo ta inda iska ba za ta kai warinsa ba ya harba. Hirbi ya fi doki tsayi, ƙahonsa kamar shebur biyu, kuma in kare ya ishe shi ba fili yake nufa ba. Sarƙaƙiya yake faɗawa, inda ƙananan itatuwa suka cushe har mutum ba ya ganin taku goma a gabansa.

A irin wannan sarƙaƙiyar ne bara wani ƙaton namiji ya yo kan Remu. Aulis ya ɗaga bindiga, bakinta ya sarƙe a reshe. Kafin ya fizgo ta, hirbin ya kai wa karen shuri ɗaya, haƙarƙari uku suka karye. A kafaɗa Aulis ya ɗauko shi, ya ratsa fadama da shi har bakin hanya, yana tafe yana zagin bindigar da duk wanda ya ƙera ta. Remu ya warke. Amma shekararsa tara yanzu, bakinsa ya yi furfura, kuma Aulis ya san wani shurin ba zai bar shi da rai ba.

Saura mako uku a buɗe farauta ya sanya hularsa ta zuwa gari. Matarsa Sirkka tana yanka baƙin burodi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wurin Taisto za ka?"

"Wurinsa."

"In ka je, ka bar mutumin ya yi magana. Kai in ka riga ka ƙudura abu, ko kututture ya fi ka jin shawara."

"Bindiga zan saya, ba shawara ba."

"Ai na sani, tsoho. Shi ya sa na faɗa."

Taisto mai gyaran bindigogi ne, tare suka yi firamare da Aulis. Shagonsa kullum warin mai da tsohon kofi yake yi, shi kuma yana fama da na'urar ji a kunnuwa biyu, in tana tsuwwa sai ya mare ta kamar sauro. Ya saurari labarin bara, wanda ya riga ya ji sau huɗu, sannan ya jera bindigogi biyu a kan teburi kusa da ta uban Aulis.

"Hanya uku ce," in ji shi. "Ta farko, in sa zarto in rage wa wannan tsohuwar baki."

"Taɓa ta ka gani. Babana zai taso daga kabari ya same ka."

"Na san haka za ka ce. Ta biyu, ga wannan, matsakaiciya, ba nauyi. Ta uku ga 'yar guntuwar nan, ta masu bin kare ce, amma da sharaɗi."

Aulis bai ko kalli matsakaiciyar ba. Hannunsa ya riga ya kai kan guntuwar. Ya ɗaga ta, ya kai kafaɗa, ya juya hagu, ya juya dama a tsakanin kantocin shagon, ba ta taɓa komai ba. Ta gaza ta ubansa da taƙi biyu cur. Ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun bara.

"Wane sharaɗi?"

Taisto ya ɗauko wani baƙin bututu mai rage ƙara ya murɗa shi a bakin bindigar. "Salansa. Ba na sayar da ita ba tare da shi ba."

"Salansa? Bindiga ka ba ni ko babur?"

"Yi dariyarka. Gajeren baki ba ya cinye albarushi duka a ciki, sauran a waje yake fashewa. Ƙararta ba irin ta tsohuwarka ba ce. Dubi kunnuwana, Aulis. Ba rawa na je na samo wannan ba."

Aulis ya gwada ta da salansan, ya jera ta da ta ubansa. Taƙi ɗaya ya dawo. Fuskarsa ta ɓaci.

"Wato na taso tun daga ƙauye don in rage tsawo, kai kuma ka ɗinka mini shi a baki. Cire."

"Ko da shi ai ta fi tsohuwar gajarta."

"Taƙi ɗayan nan shi ne reshe. Kai a shago kake, ba ka san reshe ba. Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma Sirkka ce kawai ke amfani da shi. Me ya rage da zan tsare?"

"Ba kai kaɗai ke da kunne a dajin ba."

Aulis ya ji maganar sarai, amma ya ɗauka 'yan ƙungiya Taisto yake nufi, waɗanda ke tsaye can nesa a bakin fili suna ɗumama hannu, sai ya yi tsaki. Suka yi ta ja har kofi ya huce. A ƙarshe Taisto ya gaji, don gardama da Aulis aikin yini ne, ya ce ya ji, amma sai ya tafi da salansan ko da a aljihu ne. Bayan takardun izini sun fito Aulis ya dawo ya ɗauki bindigarsa, ya kuma karɓi salansan don a zauna lafiya. Da ya isa gida ya jefa shi cikin akwatin ƙusoshi.

Asabar ɗin farko ta farauta gari ya waye da hazo da yayyafi mai sanyi. Aka raba wa mutane wuraren tsayuwa, Aulis ya ɗaura wa Remu abin wuyan nan da ke nuna inda kare yake a waya, ya shafa kansa, ya sake shi. A aljihun ƙirjinsa akwai tsohon kwanson harsashi da ya yi baƙi don daɗewa. Da shi yake kiran Remu tun yana ɗan kwikwiyo: ya ɗora shi a leɓe ya busa, wani siririn fito ya ratsa daji, ko karen yana bayan tudu biyu sai ya dawo. Mutanen ƙungiya sun sha yi masa ba'a, wai duk zamanin nan shi da kwanso yake waya. Amma karnukan wasu ƙungiyoyi sai an bi su da mota ake kamowa, nasa kuwa da ƙafarsa yake zuwa.

Wajen ƙarfe goma haushi ya tashi, mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Remu ya tsare nama. Aulis ya duba iska ya shiga sarƙaƙiya. Rassa jiƙaƙƙu suna marin fuskarsa, ruwa na gangara masa ta wuya, amma bindigar tana manne da ƙirjinsa ba ta kama komai ba. Ya yi murmushi shi kaɗai, yana cewa a ransa ina ma Taisto yana nan.

Da ya matso sai ya koma rarrafe. Ta ƙarƙashin rassa ya hango dogayen ƙafafu farare-farare, sannan ƙirji, sannan ƙaho. Namiji ne, kunnuwansa a kwance, gashin doronsa a tsaye. Taku goma sha biyu tsakaninsu, ko ƙasa da haka. Aulis ya durƙusa a gwiwa ɗaya yana jiran Remu ya kauce daga saiti.

Iska ta juya. Hirbin ya sunkuyar da kai ya yo kan karen, daidai irin na bara. Remu kuwa, da haƙarƙarinsa bai manta ba, bai kauce gefe yadda ya saba ba. Wurin ubangidansa ya rugo, hirbin na biye da shi yana karya itatuwa. Aulis ya ɗaga bindiga. Ta hau kafaɗa tsaf, ba reshe, ba komai. Remu ya iso gabansa ya juya yana haushi, kansa daidai ƙarƙashin bakin bindigar, tsakaninsu bai kai tafin hannu ba. Ba lokacin tunani. Aulis ya ja kunama.

Wuta ta fita kamar an buɗe murhu. Hirbin ya durƙushe, ya zame a kan gansakuka, ƙahonsa ya tsaya taku uku daga gwiwar Aulis. Remu ya yi wata ƙara ya faɗi gefe, ya tashi yana girgiza kai yana sosa kunne da ƙafa, sannan ya je ya kama gashin hirbin yana fizga kamar yadda ya saba. Aulis ya lalube shi ko'ina. Ba jini, ba karaya. Ya rungume karen yana ce masa, "Ka gani? Ka gani? Wannan karon ban makara ba."

Mutane suka zo aka feɗe nama, aka hura wuta, aka dafa kofi. Kowa ya karɓi guntuwar bindigar ya juya ta yana yabawa. Shugaban ƙungiya ya ce da doguwa ce da yanzu makoki ake yi, ko na kare ko na mai kare, kuma gaskiya ya faɗa. Aulis ya sha kofinsa yana jin kansa ya dawo ɗan shekara arba'in.

Da aka tashi tafiya Remu yana can gefen fadama, ya ba su baya, yana shinshina wani abu. Aulis ya kira sunansa. Bai juyo ba. Ya ciro kwanso ya busa. Kunnuwan karen ko motsi ba su yi ba. Wani ya yi dariya ya ce yau wayar ba sabis. Aulis ya sake busawa da ƙarfi har leɓensa ya yi zafi, sannan ya taka ya je ya taɓa bayan karen. Remu ya zabura ya yi tsalle kamar wanda aka taɓa da wuta, da ya ga ubangidansa ne sai ya hau kaɗa wutsiya yana ba da haƙuri. Daga nan ba wanda ya ƙara yin dariya.

Likitar dabbobi ta ce a jira, wani lokaci ji yakan dawo. Aka jira mako ɗaya, aka jira uku. Sirkka ta riƙa sakin murfin tukunya a bayan karen da gangan, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ranar da suka koma, likitar ta tafa hannu a bayan kansa, ta buga ƙarfe, ta girgiza kai.

"Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu da ma ya fara rauni don tsufa, ƙarar ta ƙarasa shi. Kada ka sake shi a daji, Aulis. Ba zai ji mota ba, ba zai ji kyarkeci a bayansa ba, ba zai ji ka ba."

"Akwai abin wuya. Ina ganinsa a waya."

"Za ka ga inda yake. Ba za ka iya dawo da shi ba."

Aulis ya kama hanyar gida da karensa. Abin da ke cin ransa shi ne ba shi da wanda zai zaga. Bindigar ta yi abin da ya saye ta dominsa. Taisto ya faɗa masa, a fili, da kunnuwansa biyu matattu a matsayin shaida. Da yamma ya buɗe akwatin ƙusoshi ya ɗauko salansan, ya murɗa shi a bakin bindigar, ya auna da hannunsa. Taƙi ɗaya. Da yana nan, da bakin ya wuce kan Remu, da ƙarar ma ba ta kai haka ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sirkka ta leƙo, ta ga abin da ke hannunsa, ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. Shekara arba'in da shida suna tare, ranar ce ta farko da ta yi gaskiya ba ta ce ai ta faɗa ba, kuma shirun nata ya fi masa ciwo.

Ƙungiya ta samo wani mai kare daga ƙauyen gaba. Aka ba Aulis wurin tsayuwa a bakin fili, inda doguwar bindigar ubansa ta fi dacewa, ya ce a bar shi tukuna.

Asabar ta ƙarshe ta farauta dusar ƙanƙara ta sauka. Da hantsi Aulis ya fito tsakar gida ɗaukar itace, sai ya jiyo haushin baƙon karen can nesa bayan tudu, ɗaya bayan ɗaya, ya tsare nama. Ko da kunnensa ɗaya ya ji shi. Remu yana zaune a ƙarshen igiyarsa, ya ba gida baya, ya fuskanci daji, hancinsa na rawa. Ya san ranar, ya san warin, amma kunnuwansa a miƙe suke suna juyawa a banza.

Aulis ya ajiye itacen. Ya san ba amfani, amma hannunsa ya riga ya shiga aljihun ƙirji. Ya ɗora kwanson a leɓe ya busa, taku biyar a bayan karen. Ya sake busawa. Sirkka ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Bari, tsoho," ta ce a hankali. "Shigo, sanyi ake yi."

Bai bari ba. Ya ci gaba da busawa har numfashinsa ya ƙare, Remu kuwa yana zaune yana kallon daji, yana jiran a kira shi.