Bencin da Ke Kusa da Guguwa

A farkon zango na biyu abin ya soma, lokacin da rufin wani aji ya fara yoyo, aka kwaso yaransa aka haɗa da na Malama. Ɗakin ya cika har ba a iya ratsa tsakanin bencina sai an karkace.

Cikin waɗanda aka ƙaro mata akwai wani yaro da 'yan ajin ke kira Guguwa. Ba shi da mugunta ko kaɗan, hankalinsa ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Ko ƙuda ne ya gifta, sai ya raka shi da ido har bakin taga. Malama ta yi abin da ta ga na gaba da ita suna yi: ta zaunar da shi kusa da wadda ta fi kowa natsuwa, wata 'yar siririyar yarinya da ake kira Auta.

Dabarar ta ci. Auta ke buɗe masa shafi, ta feƙe masa fensir, ta jawo gefen rigarsa in ya miƙe. Aji ya lafa, Malama ta yi wa Allah godiya.

"Ashe mataimakiya kika samu ba mu da labari," in ji malamin lissafi wata rana. "Ki ara mini ita mana, nawa guguwoyin sun fi naki ƙarfi."

Malama ta yi dariya a lokacin. Amma ranar gwajin karatu, da Auta ta tashi, sai ta riƙa tuntuɓe a kan kalmomin da a da take wucewa kamar ruwa. Da aka fita hutun tara, Malama ta tsayar da ita.

"'Yata, ko ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau, Malama."

"To ina hankalinki yake tafiya in ina koyarwa?"

"Yana wajen Guguwa. Ai ke kika ce in kula da shi. In na kalli allo, kafin in juyo ya shige ƙarƙashin benci." Ta ɗan yi murmushi. "Amma yanzu ya iya rubuta sunansa. Ni na koya masa."

Malama ta dubi waje, inda yaron ke zagaye bishiya a guje shi kaɗai. Gaskiya ne, ya ci gaba, kuma raba su na iya mayar da shi baya. Sai dai da karatun yarinyar nan aka sayi zaman lafiyar ajin, ita kuwa ba ta ma san an ɗauki wani abu nata ba.

"Kin kyauta, Allah ya yi miki albarka," in ji Malama. "Daga gobe za ki koma benci na biyu. Guguwa zai zauna gefen teburina, kula da shi aikina ne."