Takalmin Yaya Hawwa

Ƙasimu baduku ne ɗan baduku, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Rumfarsa tana unguwar Bukoki, a lungun da ke bayan masu sayar da tsofaffin tayoyi, inda warin jemammiyar fata da na roba suke haɗuwa su tare wa mutum hanci. Da basilla da wuƙa da dunƙulen kakin zuma ya gaji sana'ar daga ubansa, mutumin garin Tawa, haka kuma ya yi ta har furfura ta leƙo masa a gemu. Sai bara da yatsunsa suka fara ƙagewa da safe, ya sauke girman kai ya sayi tsohon keken ɗinkin fata mai ƙafa a hannun wani da zai koma garinsu. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zagin aikin keke, sai ga shi yana goge nasa da tsumma, yana ɗiga masa mai kowace Juma'a.

Keken ya zo da nasa sharaɗi. Ba ya cin zaren auduga mai kaki, irin wanda Ƙasimu ya saba murzawa a cinya. Kakin yana toshe kafar allura, ɗinki ya riƙa tsallake. Sai zaren roba, mai santsi, wanda ƙulli ba ya zama a jikinsa. Maganin wannan kowa ya san shi a layin dukawa: in ka kai ƙarshen ɗinki ka yanke, ka ƙyasta ashana ka taɓa bakin zaren, in ya narke ka danne da babban yatsa. Da can sai ya mayar da bakin zare da basilla ya ɓoye shi tsakanin fata da fata, aikin da ke cin lokaci da ido. Yanzu ashana ɗaya ta gama magana.

Yana da yaya guda, Hawwa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. A Tondibiya, can bayan gari, take zaune da ƴarta Sakina, tana saro zogale da kabeji a lambunan bakin kogi tana kawowa kasuwa. Ciwon sukari ya daɗe yana cin ta a hankali. Ido ya rage, ƙafafu sun daina ji, har ƙaya takan shige ta ba ta sani ba sai an gaya mata. An riga an cire mata ƙaramin yatsan ƙafar dama, kuma likita bai ɓoye mata komai ba: in ciwo ya sake fitowa a wannan ƙafa, ƙafar ce za ta tafi. Ya hana ta silifa, ya hana ta taka ƙasa ba takalmi, ya ce ta nemi rufaffe mai laushi.

Sakina ce ta kawo labarin rumfa. Ta ce ta ga irin takalmin a wani kanti cikin gari, za ta je ta duba.

Ƙasimu ya ɗago daga kan keke ya dube ta sama da ƙasa. "Ina raye a saya ma Yaya takalmin kanti? Su waɗanda sunka yi shi sun taɓa ganin ƙahwarta?"

"Kawu, doktoro ya ce..."

"Doktoro ya ce mai laushi. Ni ko hwata ce sana'ata. Koma gida ki ce mata ta ba ni mako."

Gaskiya ita ce bai taɓa yi wa kowa aiki irin wannan ba, har manyan da ke aiko direbobinsu. Ya ciro jar fatar akuyar Maraɗi da ya daɗe yana hana idon masu saye, ya yanka saman takalmin. Ya yi shafi da fatar ɗan rago, ya murza ta da mai har ta yi laushi kamar tsohon zane. Ƙasan ya yanko shi daga roba mai taushi, ya kankare gefen da wuƙa. Ko ƙusa ɗaya bai sa ba. Da ya tuna wurin da yatsan ya fita, sai ya ga rami zai zauna a nan, ƙafa ta riƙa zamewa. Ya yanka ƴar matashiya ta fata, ya cusa mata auduga, ya ɗinke ta da keke daga ciki. Ya yanke zaren, ya ƙyasta ashana, ya danne. Ya zura hannu ya shafa ko'ina, bai ji komai ba, ya yi hamdala.

To, yatsun da suka tsufa suna tura basilla cikin kirgi ba abin da za su ji. Kanta ce a kansu mai kauri. Kuma wannan bai taɓa zama damuwa ba, domin a wurin dukawa takalmi ba ya ƙarewa a rumfa. Mai shi ne zai taka kwana biyu ya dawo yana ɗingishi, ya nuna da yatsa ya ce nan yake cizo, a sa guduma a daddake wurin, a yi dariya, a rabu. Haka uban Ƙasimu ya yi, haka shi ma yake yi. Wanda bai dawo ba, aiki ya yi kyau ke nan.

Ya hau faba-faba, ƙaramar motar haya, ya kai mata da kansa. Hawwa ta juya takalmin a hannu, ta kai shi kusa da ido, ta shinshina.

"Wannan ai na amarya ne, Ƙasimu. Ni da ke yawo cikin taɓon lambu?"

"Sa mu gani, Yaya."

Ta sa a kan baƙar safa, ta miƙe, ta kai bakin ƙofa ta dawo, tana takawa da wani yanga da ya sa Sakina dariya.

"Shina cizo?" in ji shi.

"Ko kaɗan."

Bayan kwana biyu ya kira ta a waya ya sake tambaya, ta ce ko kaɗan. Ya sake bayan mako, amsar ba ta canja ba. Ya yi ta ba maƙwabtan rumfa labari, cewa ya yi takalmin da bai nemi guduma ba. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa ƙafar da yake tambaya ba ta da bakin amsawa. Ita kuma Hawwa, don jin daɗi da alfahari, ba ta cire shi sai za ta yi alwala ko za ta kwanta. Da shi take zuwa lambu, da shi take tsayuwar kasuwa. Idonta ba ya kai wa gefen ƙafa, jikinta ma ba ya lanƙwasuwa ya kai can, baƙar safa kuma ta rufa asirin duk abin da ke fita.

Wari ne ya tona. Wata ranar wanki Sakina ta ɗauki safar uwarta ta ji ta a sanƙare tana wari, ta zo ta ɗaga ƙafar ta duba. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki waya ta kira kawunta, ta ce ya zo yanzu, ya bar duk abin da yake yi.

Ya same su a tsakar gida da rana tsaka. Hawwa tana zaune a tabarma, ƙafar a miƙe a kan kujera ƴar tsugunno, tana cewa ita ba ta ga abin tayar da hankali ba tunda ba ta jin zafi. A gefen ƙafar, daidai tabon yatsan da aka cire, rami ne ya buɗe, bakinsa fari, cikinsa baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu.

Sakina ta miƙa masa takalmin dama. "Sa hannunka, Kawu."

Ya sa, ya shafa. "Ban ji komi ba."

"Ni na ji. Ya karce ni."

Ya fito da wuƙar aljihu ya farke jar fatar daga sama har ƙasa, ya buɗe ta a rana. A bakin ƴar matashiyar nan ga shi, ɗan dunƙulen narkakken zare, bai fi ƙwayar gero ba, da tsini a gefe ɗaya. Fatar ragon da ke kewaye da shi ta rine da jini da ruwan ciwo. Ƙasimu ya tsuguna a inda yake. Tsoro ya ji, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Ka ɓata mini takalmi," in ji Hawwa.

"Yaya, ni ne. Ni na yi miki wannan."

"Rufe mini baki." Ta juya wajen ƴarta. "Ke kuma, in mun tahi lopital, ƙaya ce na taka a lambu. Kin ji ni? In na ji wata magana a bakin dangin ubanki, ni da ke ne."

Sakina ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta fita neman taksi.

A asibiti aka kwantar da ita. Aka wanke ciwon, aka yanke ruɓaɓɓen nama, aka yi ta allura da ƙarin ruwa. Likitan ya tambayi yadda aka yi, Hawwa ta ce ƙaya, ya dube ta ya ci gaba da aikinsa, don a wurinsa ƙaya da ƙusa duk ɗaya ne yanzu. Kullum da safe Ƙasimu yana bakin ɗakin da kwanon kunu, yana jiran a buɗe bandeji ya leƙa. Wata rana a ce masa da sauƙi, ya koma Bukoki yana sauri kamar yaro. Washegari ya ga baƙin ya ƙara hawa. Ya yi sadaka, ya sa an yi sauka, ya yi alkawura ga Allah waɗanda shi kansa bai san yadda zai cika su ba. Baƙin ya wuce idon sawu, zazzaɓi ya shigo, Hawwa ta fara kiran sunan uwarsu. A nan likita ya kira shi da Sakina gefe ya ce ko ƙafa ko rai, kuma ba su da lokacin shawara mai tsawo.

Aka yanke ƙasan gwiwa kaɗan.

Ƙasimu ya rufe keken da buhu, ya ja ƙyauren rumfa. Masu kawo gyara suka yi ta zuwa suna komawa. Maƙwabta suka ce masa ƙaddara ce, ciwon sukari haka yake, wane ma an yanke masa bai taɓa sa takalmin kowa ba. Ya ce haka ne. Tondibiya kuwa ya kasa zuwa bayan an sallame ta. Yana aika abin cefane ta hannun direban faba-faba, in ya kira waya Sakina ce take ɗauka, ta ce da sauƙi, ta kashe.

Da dungulmin ya warke, Hawwa ta aiko a ce masa in bai zo ba ita za ta zo, ko da rarrafe. Ta ce ya taho da kayan aiki.

Ya same ta a ƙarƙashin rumfar kara, ta rame, tana tsinke zogale a faranti. Sandunan da aka ba ta suna jingine da bango. Ya gaishe ta daga nesa, idonsa a ƙasa.

"Matso. Ba cizo nike ba." Ta ture farantin. "Sandunan ga sun gagare ni, hammata ta ƙi. A tsakar gida da gwiwa nike tahiya, wurin kuma shina gugar ƙasa. Ina son ka yi mini abin da zan sa ya rufe shi. Na hwata, mai laushi."

Sakina ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "Inna, akwai masu yin wannan a lopital. Aikinsu ke nan."

"Na sani."

"To don mi za ki sake..."

"Don ina da ƙane baduku. Koma ga tukunyarki."

Sakina ta dubi kawunta da idon da bai taɓa gani a fuskarta ba, ta koma.

"Yaya, ba ni iyawa," in ji Ƙasimu. "Na bar aikin."

"Ka bar aiki ka ci mi? Ƴaƴanka su ci mi? Ƙahwa ɗaya ta tahi, kana so ka ƙara mini da wani abin kuka?" Ta janye zanen daga gwiwa. "Auna."

Bai taɓa ganin wurin a buɗe ba. Ƙafar da ya yi wayo yana bi a baya zuwa rijiya, ta ƙare a dunƙule, fatar a tattare, da layin ɗinki daga gefe zuwa gefe. Idonsa na baduku, ba da son ransa ba, ya lura cewa ɗinkin hannu ne, kuma an ɓoye bakin zaren da kyau. Ya durƙusa. Ya ciro zaren auduga daga jaka don ya ɗauki faɗin wurin, ya zagaya dungulmin da shi. Da yake yatsun ba sa gaya masa iyakar ƙarfinsu, sai ya ja fiye da kima.

Hawwa ta ja numfashi ta haƙora, ta kama kafaɗarsa.

"Sassauta, Ƙasimu," ta ce a hankali. "Nan ina ji."