Giginyar Matar Sarkin Ƙanƙara

A duk ƙauyen Marwier, can arewacin Holand, gidan Rinze Wiersma ne kaɗai ake fata biyu masu karo da juna in sanyi ya kama. Rinze shi ne sarkin ƙanƙara na ƙauyen. Shi ke huda ƙanƙarar fadama ya auna kaurinta, kuma ba mai ɗaura takalmin zamiya ya hau sai ya ce ta yi. Matarsa Minke kuwa giginya take reno a bayan gida, irin gajeriyar nan ta tsaunukan Sin mai gashi a jiki, wadda ke jure sanyi amma da iyaka. Daga ƙwallo ta shuka ta a gwangwanin madara shekara goma sha tara da suka wuce, yanzu ta fi ƙofar gida tsawo. To da yamma in mai hasashen yanayi ya fito a talabijin, shi yana roƙon ma'aunin zafi ya faɗi, ita tana roƙon ya tashi, suna zaune a kujera ɗaya suna shan kofi.

Shekara shida a jere addu'ar Minke ce ke ci. Ruwa da laka kawai ake samu, Rinze ya fita da abin hudarsa ya dawo da shi a bushe. Sai a watan Fabrairun bana iskar gabas ta juyo. Kwana huɗu tana busawa, a na biyar Rinze ya durƙusa a tsakiyar fadama, ya huda, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya miƙe ya ce ta yi. Kafin azahar an tashi yara daga makaranta, mai burodi ya rufe shago, tsofaffin da ke kukan gwiwa duk sun manta da gwiwar. Rinze mutum ne mai shekara sittin da uku, amma ranar da ka gan shi sai ka rantse ango ne. Abin nema ya samu, ko abinci a tsaye yake ci.

Ranar Asabar da yamma aka shirya tseren zamiya na ƙauye a kan ƙanƙara. An kafa fitilu, an ɗora tukunyar miyar wake mai kauri, sai aka tarar wayar wuta ba ta kai bakin fadama ba. Rinze ya ce a ba shi minti biyar. Ya san inda doguwar waya take: a bayan gidansa, ita ke kai wuta ga igiyar ɗumin da Minke ke naɗa wa giginyar a wuya duk lokacin da sanyi ya yi tsanani. Minke ta tafi kwana wajen ƙanwarta a birni. Ya zare wayar yana ce wa kansa awa biyu ne kacal, bishiyar da ta shekara goma sha tara ai ba za ta mutu a awa biyu ba.

Tsere ya yi tsere, aka ci aka sha aka yi waƙa, Rinze ya dawo gida ya faɗi kan gado da safa a ƙafa. Sai da gari ya waye ya tuna. Ma'aunin jikin taga ya nuna sanyi ya sauka har goma sha bakwai ƙasa da sifiri, abin da ba a gani ba tun yana saurayi. Ya ruga ya ɗauko wayar ya mayar, ya share sawunsa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

A watan Maris ganyayen suka ƙone suka koma ruwan ƙasa. Minke ba ta damu ba, ta ce ganye riga ce, ran giginya yana ga mashi, wato sabon ganyen tsakiya da bai buɗe ba. In mashi na nan daram, komai zai dawo. A ƙarshen Afrilu ta hau tsani ta kama mashin ta ja kaɗan, sai ya biyo hannunta salin alin, gindinsa ya ruɓe yana wari. Ta daɗe a kan tsanin tana kallonsa.

Da ta yi kuka ko ta yi faɗa, da Rinze ya samu sauƙi. Amma kanta ta ɗora wa laifi. Yau ta ce ta matse naɗin da yawa, gobe ta ce igiyar ɗumin ta tsufa ita ce ba ta duba ba, jibi ta ce da ba ta tafi birni ba da hakan bai faru ba. Kowace magana sai ta soki Rinze a ƙirji, kunya da tsoro suka hana shi sakat. Daga ƙarshe ta leƙa ta kan shinge ta roƙi maƙwabcinsu Hidde, mai ƙaramar motar haƙa, ya zo ranar Asabar ta sama ya tumɓuke ta. Hidde ya amsa da sauri, har da ƙarin cewa dama tun farko ya faɗa, ƙasar dankali ce wannan, wanda ke son giginya ya hau jirgi.

Rinze bai iya zama ba. Ya binciko lambar wani tsoho a kudancin ƙasar, cikin ƙungiyar masu shuka irin waɗannan itatuwa, ya kira shi daga rumfar kekuna don kada a ji. Tsohon ya saurare shi, ya tambayi tsawon bishiyar da ranar da mashin ya fita, sannan ya ce masa giginya ba ta mutu ba sai zuciyarta ta mutu, zuciyar kuwa tana can ƙasa cikin gangar jiki, ruɓa tana bin ta sannu a hankali. A sa zarto a fille kan, a riƙa yanka fale-fale ana sauka har a tarar da fari tas. In an tsaya da wuri ruɓa ta ci gaba, in an zarce an yanka zuciyar da hannu. In da sauran kwana, cikin 'yan kwanaki za a ga tsakiyar ta turo.

Rinze ya shigo kicin kamar an koro shi, ya zayyana wa Minke komai, hannu na tashi, har ya kusa kifar da kofinta. Ta bari ya gama, ta ce a'a.

"Ni na kashe ta, Rinze. Ba zan kuma tsaya a yi wa gawarta gunduwa-gunduwa ba."

Rinze ya zauna, ya dubi teburin, ya ce, "Ba ke kika kashe ta ba, yarinya. Daren tsere ni na zare wayar. Fitilu na kai wa, na manta sai da safe."

Ta dube shi, kallon da bai taɓa gani ba a shekara talatin da takwas na aurensu. Ta tambaye shi ko yana nufin wata biyu da rabi ke nan yana ɓoye mata, har yana zaune yana jin ta tana zagin kanta. Ya ce eh. Ta tashi ta fita, ya ji ƙofar rumfa ta buɗe ta rufe, ya ce a ransa keke ta ɗauka, sai birni. Sai ga ta ta dawo ta ajiye zarto a kan teburin, tsakanin sukari da madara.

"Tashi, ranka ya daɗe sarki," in ji ta. "Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

Washegari rana ta fito da ɗumi. Rinze ya hau tsani, Minke na riƙe masa shi, Hidde kuwa ya jingina da shinge da kofinsa, don irin wannan kallo ba a ba da labarinsa. Zarton ya shiga da ƙyar saboda gashin jikin, kan ya faɗo da busassun ganyensa, wari ya tashi har Hidde ya ja da baya. Ciki baƙi ne, ya yi laushi kamar dankalin da ya kwana biyu a ruwa. Rinze ya yanka na biyu, kaurin yatsa biyu. Baƙi. Na uku, na huɗu, duk baƙi, sai dai ramin ruɓar yana ƙara tsukewa. A nan ya manta da cewa mai laifi ne, ya riƙa miƙo wa Minke kowane yanki yana nuna mata yadda farin gefe ke cin baƙin tsakiya. A na shida fari ya mamaye ko'ina, saura ɗigo ɗaya ruwan ƙasa a tsakiya, bai fi ƙwayar gero ba.

Minke ta hau ta duba ta ce ya isa haka, a tsaya. Rinze ya sa babban yatsa ya danna wurin, ya ji ya ɗan nutsa. Shekara talatin yana taka ƙanƙara, ya san wadda ke da kyau a ido amma ruɓaɓɓiya ce a ciki. Ya ce saura yanka ɗaya, siriri. Ta ce in zuciyar tana nan ƙasa da ɗigon fa? Ya ce to ya kashe ta sau biyu ke nan, kuma ba shi da bakin magana har abada. Hidde ya buɗe baki zai sa nasa, Minke ta ce, "Maƙwabci, sha kofinka." Ta sauko, ta kama tsanin da hannu biyu, ta ɗaga wa mijinta kai.

Bai taɓa jan zarto a hankali irin na ranar ba. Yankin ya fita siriri, ya ɗaga shi, ga ƙasa fari sol, da ƙarfi, da ɗan danshi mai tsabta, zobe cikin zobe kamar an yanka albasa. Ya ji kamar ya yi tsalle daga kan tsanin. Suka zuba maganin ruɓa, suka kafa mata 'yar rumfar gilashi don kada ruwan sama ya taru, aka bar gungume tsaye a bayan gida ba kai ba ganye. Hidde ya ce in ba ta yi ba ya samu turken ɗaure akuya, kuma motarsa na nan ranar Asabar.

Laraba ba komai. Alhamis ba komai. Rinze ya hau tsanin nan ya fi sau ashirin a rana, ya duba ta gefe, ya ɗora ruwan wuƙa a kwance ko zai ga tsakiyar ta ɗaga, shiru. Minke na dafa abinci tana ajiye masa, magana kuwa ba ta wuce ga gishiri, rufe ƙofa. Shi kuma ko taɓa abincin ba ya yi. Ya riga ya ƙudurta a ransa cewa in gungumen nan bai motsa ba, Minke za ta zauna da shi, amma ba za ta sake dubansa kamar da ba.

Ranar Juma'a da hantsi, tana cikin kicin, ya sake hawa. Ya ɗaga gilashin, sai ya ga wuƙar ma ba ta da amfani. Tsakiyar ta turo sama kamar kan ɗan yatsa, rawaya-rawaya, a ninke, da yankakken baki inda zarto ya bi. Ya taɓa ta, da ƙarfinta. Murna ta taso masa tun daga ƙafa, ya cika ƙirji da iska zai kwarara ihun da duk Marwier za ta ji, sai ya haɗiye. Bishiyar ba tasa ba ce, ba shi ya kamata ya fara gani ba. Ya mayar da gilashin, ya sauko, ya shiga kicin da fuskar da yake zaton ta marar labari ce, ya ce mata yau gwiwarsa na ciwo, ko za ta hau ta duba da kanta.

Minke na yanka burodin sukari. Ba ta ɗago ba.

"Gwiwar da ta hau sau ashirin jiya?"

Ya ce abin ne ya taso farat ɗaya.

"Rinze, kunnuwanka sun yi ja kamar na yaron da ya saci alewa. Tun ƙarfe shida na gani, kana minshari."

Ya tambaye ta me ya sa ba ta tashe shi ba, me ya sa ta yi awa huɗu tana kallonsa yana jan ƙafa a gida kamar mai takaba.

"Awa huɗu," in ji ta. "Ni wata biyu da rabi na yi." Ta shafa man shanu a burodin, mai yawa, yadda yake so, ta tura masa farantin. Sai a lokacin ta ɗago, idonta ya ciko, ga dariya tana neman ƙwace mata. "Kuma na bar maka ne ka gani da idonka. Kai ne ka kwana uku ba ka ci abinci ba. Zauna ka ci, sannan ka je ka gaya wa Hidde ya nemi wani turken."

Rinze bai zauna ba. Ya ɗauki burodin a hannu, ya kama hannunta da ɗayan, suka fita bayan gida tare. Tsanin na mutum ɗaya ne, amma haka suka hau shi su biyu, ita a sama shi a ƙasa yana leƙe ta gefen kafaɗarta, suna gardamar ko ta ƙara tsawo tun ƙarfe shida.