Wilin Yaya da Ƙwaina

Na dawo daga sayo dusa na tarar da fitilar akwatin ƙyanƙyasata a mace. Akwatin nan tsohuwar firji ce da na tsinta, na koyi haɗa ta a waya, na sa mata ƙwan fitila da 'yar fanka. Ƙwai cike da faranti biyu, kuma sun kusa fashewa, don da safe da na kara kunne har motsi na ji. Na leƙa ƙasan tebur. Wayoyi biyu na lilo, batir babu. Solar da ke kan rufi kuwa ba ta tsinana komai sai da shi.

"Umma, ina batirina?"

Tana ninke wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yayanki ya ara. Ya ce yanzu-yanzu zai dawo da shi."

"Tun yaushe?"

"Tun fitarki."

Na sa hannu a cikin akwatin. Da sauran ɗumi, amma irin na shayin da aka manta da shi.

Yayana yana haɗa injin da zai ba da wuta ba mai, ba rana, ba komai. Wilin keke ne da aka manna wa maganaɗisu zagaye. Saboda maganaɗisun nan rediyon Baba ya rasu a hannunsa, fankar Umma ta bi bayansa, har ƙofar kabad ɗinmu ta daina rufuwa. Shi da abokansa suna taruwa a wani gareji da ke bayan shagon mai faci. Duk wanda ya shiga ƙungiyar sai an naɗa shi. Yaya shi ne Injiniya. Shugabansu Farfesa ne, da rana kuma rigunan waya yake sayarwa. Dokarsu ɗaya ce: ba a cewa inji bai yi ba, sai dai a ce ya kusa.

Na rufe akwatin da bargo na fita da gudu, takalmi wari da wari.

Na same su sun kewaye tebur. Wilin yana juyawa, wani ƙwan fitila yana ci, Farfesa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. A ƙasan tebur, an yafa masa tawul kamar mai zazzaɓi, batirina ne.

"Yaya, batirina."

"Auta, shiii! Ana ɗauka."

"Ƙwaina na hucewa."

"Ƙwai!" Farfesa ya sauke waya ya kalle ni ta saman tabarau. Tabarau ɗin ba na ciwon ido ba ne, na sani, don na taɓa gwadawa. "Ƙanwarmu, muna maganar 'yantar da duniya daga duhu, ke kina maganar ƙwai?"

"To ku 'yantar da ita da batirinku."

"Ba amfani muke da shi ba," in ji Yaya. "Tayarwa kawai yake yi."

"Ai ya tashi. Cire shi."

"Sai ƙarfin ya taru."

"Ya taru a ina?"

Yaya ya zagaya hannu a iska. "A cikin tsarin."

Farfesa ya gyaɗa kai a hankali, sauran ma suka gyaɗa. Wani har da lumshe ido.

Raina ya gama ɓaci. 'Yan tsakin nan ni na yi ta juya su safe da yamma tun suna ruwa, na hana kaina zuwa ko'ina, ga ƙartai sun taru suna shan ɗuminsu don su kalli wilin keke. Na durƙusa, na yaye tawul, na fizge wayoyin.

"Ke! Auta! Za ki lalata..."

Fitila ta mutu nan take. Amma wilin bai tsaya ba. Dama ina zai tsaya, abin da aka lafta wa ƙarfe aka yi ta kaɗawa tun safe? Ko keken da aka kifar, in ka murza ƙafarsa sai ta ɗan jima.

Sai Farfesa ya kurma ihu.

"Ya yi! Babu batir! Injiniya, ya yi!"

Yaya ya rungume shi. Wani ya hau kujera. Ba wanda ya kalli fitilar, ba wanda ya kalle ni. Na ɗora batirin a ka na fita. Ina bakin ƙofa na ji wilin yana rage gudu, ƙit, ƙit, ƙit, Farfesa kuma yana cewa a yanke bidiyon a nan.

Ina isa gida na haɗa wayoyi. Fitila ta kama, fanka ta tashi. Na zauna a ƙasa gaban akwatin, ban ci abinci ba. Umma ta ajiye min kwano ta ce in yi haƙuri, yayana ne. Na ce na sani, ai da wani ne da yanzu muna ofishin 'yan sanda.

Daga baya 'yan tsakin da ke kusa da fitila suka fito, jiƙaƙƙu, suna layi kamar sun sha wani abu. Farantin ƙasa gaba ɗaya shiru. Na jira har na daina yaudarar kaina. Na fasa guda, na ga tsako cikakke, da baki da farce, a naɗe. Ban fasa na biyu ba.

Ina share akwatin sai ga Yaya da sabuwar riga, an rubuta Injiniya a aljihu.

"Auta, mun yi ta cire wani batirin, abin yana ƙin daɗewa. Farfesa ya ce yanayin fizgarki ne. Ko za ki zo ki sake mana? Za mu sa sunanki a bidiyo."

"Ƙwaina rabi sun mutu."

"Ayya." Ya ɗan sosa ƙeya. "Amma kin ga, in injin ya kammala, ko dubu kike so..."

"Zan zo," na ce.

Na sa wa batirina sarƙa da kwaɗo. Na kwashe ƙwan da suka mutu a kwando, har sun fara wari, na bi shi. Na jera su a kan teburin, daidai ƙasan fitilarsu da ba ta ci.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Farfesa, ya toshe hanci.

"Sun kusa," na ce. "Ku ƙarasa su."