Sunan Mahasin

A filin ƙwallon kwando na wani kulob a unguwar Ma'adi ta Alƙahira, inda 'yan mata ke buga gasar hutun bazara, Awadiyya da maƙwabciyarta Fatna suka zauna benci guda. Mahasin, 'yar farin Awadiyya, ita ce doguwar da ke tsare ƙarƙashin kwando. Shahd ta Fatna gajera ce, sai gudu.

Ran nan wata koci Bamisriya ta zo daga wata jami'a. Yarinya ɗaya take nema, jami'ar za ta ɗauki nauyin karatunta. Da aka tafi hutun rabin lokaci ta nufo iyaye, ta nuna Mahasin.

"Wace ce mahaifiyar wannan? Ya sunanta? Tana jure horo?"

Awadiyya ta sunkuyar da kai. A gidan da ta tashi, uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle ta yabe ta a gaban baƙo.

"Waccan?" ta ce wa kocin da Larabcinta na Sudan. "Ai raguwa ce, Kabtin. In ban da barci ba ta iya komai ba."

Kocin ta kalle ta. Sai Fatna, wadda tun tana ƙarama take Alƙahira, ta matso.

"Tawa Shahd ce! Da asuba take fita gudu a unguwar Abbasiya, ko mura take yi. Wallahi barewa ce!"

Kafin a tashi, kocin ta ce Shahd ta zo gwaji a jami'a.

A jirgin ƙasa na metro Fatna ta yi ta kiran dangi a waya. Awadiyya ta ce mata mabruk, kalmar barkar ta fito kamar an ciro ta da ƙugiya. Ta kalli takalman Shahd, ta kalli na 'yarta da suka tsage saboda horo. Wace barewa? Yarinyar da sai Mahasin ta ƙwato ƙwallo ta miƙa mata?

"Yaya Awadiyya, ma'alish, yi haƙuri," in ji Fatna. "Amma ke ma da kanki! Kin kai kaya kasuwa kin ce ruɓaɓɓe ne, wa zai taya?"

"Mu ba a koya mana tallan 'ya'ya ba."

"To khalas, shi ke nan, ki ajiye ta a gida ta yi ta tsawo."

Mahasin dai ta juya tana kallon taga.

Ranar wasan ƙarshe kocin ta dawo. Awadiyya ta zauna tana murza gefen mayafinta. Da Mahasin ta yi tsalle ta cafke ƙwallo a saman kowa, sai ta miƙe tsaye.

"Mahasin! Yalla, Mahasin! Tawa ce, Kabtin, ni na haife ta!"

Mahasin ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. Ta tsaya cak ta waigo, aka fizge ƙwallon daga hannunta. Shahd ce ta bi da gudu ta ƙwato, ta jefa a kwando. Kocin ta tafa wa Shahd.

Fatna ta rangaɗa guɗa har a kunnen Awadiyya.

Bayan an tashi Mahasin ta zo ta zauna kusa da uwarta, gumi na zuba. Can ta ce, a hankali, "Inna, sake faɗa."

Awadiyya na kallon Fatna da ke rungume da kocin. Ta gyara mayafi.

"Ke, ɗauki jakarki mu tafi."