Balsin Goge Uku

Baki shi ke yanka wuya, Kalla na Tama kuwa ya gani a kansa. Tun da ya dawo daga soja a Dakar, inda iyakar aikinsa ɗaukar wa masu badujala kaya, ba wanda bai ji daga bakinsa cewa ya san kiɗan Nasara ciki da waje ba. To, ana shirin bikin katorzu, sallar Nasara ta sha huɗu ga Yuli, sai garmahon kumandan na Madawa ya lalace, madan matarsa kuwa ta ce ita sai ta yi rawar balsi. Aka tura gardi ya zo da Kalla.

Tafinta ya gaya masa ba kwana-kwana: ko ya haɗa balsi kafin biki, ko ya tafi fasa dutse a hanyar Keita har kaka. Ga damina ta sauka, gero ya fito, ciyawa na binsa a guje. Gonarsa ɗaya tak, kuma ita ce abincin gidansa.

Abin da ya tsinto a Dakar bai fi cikin cokali ba, amma gaskiya ne. Balsi taku uku ne, kuma Nasara ba sa sakin murya ɗaya ita kaɗai, sai sun haɗa uku, babba da ta tsakiya da ƙarama. Goge kuwa tsirkiya ɗaya gare shi, ke nan goge uku ake nema. Ya jawo abokinsa Ɗangana, mai goge kamarsa, sannan dole ta kai shi wurin tsoho Arzika, gwanin goge na kwarinsu duka, wanda kuma surukinsa ne.

Kalla ya tsuguna nesa, ya yi bayani yana kallon akuya.

"Tare?" in ji Arzika. "Ina magana, ɗiya na magana? Abin da anka koya maka can ke nan?"

"Baba, haka kiɗin shike."

"To kiɗin ga ba shi da uwaye."

Aka dai gwada. Tsoho na jan gogensa, hannun Ɗangana ya tsaya don ladabi, na Kalla kuwa ya mutu murus don kunya. Wa zai ɗora murya a kan ta surukinsa? Da ƙyar aka yi sulhu: tsoho zai ja tasa mai kauri shi kaɗai, su biyu su amsa tare sau biyu, kamar masu cewa "to, to". Kalla ya saurara, ya ji taku uku cif. Ashe balsi ya fito da ƙafarsa.

Saura zaɓen haɗin muryoyi, nan ma aka sha fama. Gidan Arzika sun daɗe da musulunta, amma gogensu bai manta da iskokin kakanni ba. Duk haɗin da ya yi wa Kalla daɗi, sai tsoho ya ɗaga hannu: "Wanga da mai shi." Wannan na iskan kan dutse, wancan na ta bakin rijiya. Akwai wanda ya fi taɓa zuciyar Kalla, wanda in an sassauta ta tsakiya kaɗan sai mutum ya ji kewa ta kama shi. Ana taɓa shi wata tsohuwa ta saki tulu ta zube a bayan danga. Aka soke shi. Haɗi biyu kacal suka rage da ba wanda ya ce nasa ne.

Ranar biki da yamma hadari ya taso, danshi ya sa tsirkiyar Ɗangana ta saki. Muryar tsakiya ta sauka, haɗin nan da aka soke ya fito sarai. Madan ta lumshe ido tana juyawa a hannun mijinta kamar mazari, hawaye na zuba.

"An hau ta," in ji Arzika. "Kada wanda shi tsaya sai ta yi attishawa, in ba haka ba shina zama jikinta."

Kumandan ya gaji, ya ɗaga hannu a tsaya. Kalla ya dubi kumandan, ya saci kallon surukinsa, ya ci gaba da "to, to" yana jin gudumar hanyar Keita a kunnensa. Hular kumandan ta faɗi, ya yi ta haki kamar jakin da ya hau tudu, madan kuwa ta ƙi sakinsa. Sai da yayyafi ya jiƙa ta sharkaf ta yi atishawa, sannan tsoho ya ajiye goge, ya yi hamdala.

Kalla ya jira hukunci. Tafinta ya zo yana washe baki: madan ta ce tun da ta baro ƙasarsu ba ta ji abin da ya kai wannan ba, don haka batun fasa dutse ya wuce. Daɗi ya kama Kalla, ya shiga zuba godiya.

"Kuma kumandan ya ce ku ukun kuna zama bariki," in ji tafinta. "Kullum da marece balsi, har kaka."

Mutum biyu ne a duniya da za su nome masa gona in ba ya nan, ga su zaune kusa da shi da goge a hannu. Haka ya ƙare daminar a bayan surukinsa yana amsa "to, to", yana kallon ruwa na sauka wajen Tama.